Su Wane ne Masu Gida? Gadon Ƙungiyar Ƙwallon Kwando da Tambayar Amana

Duk wanda ya zauna a ƙasar Arewa, ko a Sukukutane ne, ko Matankari, ko Tibiri, ya san cewa gida ba ya tsufa gaba ɗaya. Bana a sake darni, baɗi a sake jinka, wata shekarar ruwa ya ci katanga a yi sabon yaɓe. Kafin shekara talatin ta zagayo da wuya a sami kara ɗaya na ginin farko, wanda ya kafa gidan ma ya kwanta dama, amma in baƙo ya yi tambaya sai a nuna masa a ce ga gidan wane can. Masana falsafar Girka sun daɗe da yin gardama a kan irin wannan al'amari. Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tesiyus, wanda mutanen Atina suka adana suna cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, har tambaya ta taso: shin jirgin nan na dauri ne, ko kuwa wani ne daban ya ari sunansa?

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili a zamanin yau kamar ƙungiyar wasa ta ƙwararru, wato wadda ƴan wasanta ke cin abinci da wasan. A ƙwallon kwando mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane ɓangare, kuma biyar ɗin bana ba lalle su ne na baɗi ba. Mai horarwa yakan tafi, masu ba da kuɗi sukan janye, ko launin riga yakan sake. Amma duk da haka ana cewa ƙungiya kaza tana da tarihi, tana da gado. To mene ne wannan gadon, kuma na wane ne? Ƙungiyar da ta fi dacewa a auna wannan tambaya da ita a ƙasar Hausa ita ce Kano Pillars.

Shekaru goma na Pillars

Galibin mutanen Nijar sun san Pillars ta ƙwallon ƙafa, wadda aka kafa a 1990, wadda kuma magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida. Ba kowa ba ne ya san cewa akwai wata Pillars ɗin ta ƙwallon kwando, ita ma a ƙarƙashin gwamnatin jahar Kano, mai wasa a zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Alhali kuwa in kofi ake ƙirgawa, ta kwando ta fi ta ƙafa tarawa. Tsakanin 2008 da 2017 ta ɗauki kofin babbar gasar Najeriya har sau bakwai. Sau uku kaɗai ya kuɓuce mata a cikin shekarun nan goma: Royal Hoopers ta Fatakwal ta ɗauka a 2011 da 2012, Mark Mentors ta Abuja kuma a 2015. A shekarun 2008 da 2013 da 2014 Kano ta haɗa kofuna biyu na ƙasa a lokaci guda, na ƙafa da na kwando. A watan Disamba na 2016, a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira, Pillars ta zo ta uku, bayan Al Ahly ta Masar da Libolo ta Angola. Sunayen da suka fi fitowa a wancan zamani sun haɗa da mai horarwa Sani Ahmed da ɗan wasa Abubakar Usman, waɗanda dukkansu suka yi wa ƙungiyar ƙasa aiki.

Muhimmancin wannan tarihi ya wuce yawan kofuna. An daɗe ana ɗaukar ƙwallon kwando wasan ƴan boko ne da ƴan birnin bakin teku, sai ga shi ƙungiyar da ta mamaye ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka tsawon shekara goma tana zaune a tsakiyar birnin Dabo. Yaron da ya tashi a Fagge ko Gwammaja a shekarun nan bai buƙaci a nuna masa Amurka a akwatin talabijin ba kafin ya yarda cewa irinsa na iya wasan. Ya gani da idonsa.

Sai dai sarki goma zamani goma. A watan Yuni na 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta dare gida biyu: aka yi zaɓe guda a Kano wanda ya ba Tijjani Umar shugabanci, washegari aka yi wani a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Rigimar ta ɗauki shekaru, gasar cikin gida ta rikice, ƴan wasa da yawa suka zauna ba su san ranar komawa fili ba. A watan Mayu na 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. Ko da yake ta soke wannan shawara bayan ƴan makonni, ƙungiyar mata ta riga ta rasa gurbinta a gasar kofin duniya, aka ba Mali. A cikin wannan hargitsi ne aka buɗe sabuwar gasar nahiya mai suna BAL a Kigali a 2021, wadda NBA da FIBA suka haɗu suka kafa. Ƙungiyar Fatakwal, da sabon sunanta Rivers Hoopers, ita ta wakilci Najeriya a 2021, ta kuma zo ta uku a 2024. Kwara Falcons ta je a 2023. Daga 2018 zuwa 2024 Pillars ba ta sake ɗaukar kofin ƙasa ba. Ƙofar da ta yi shekara goma tana ƙwanƙwasawa ta buɗe ne daidai lokacin da ƙarfinta ya ja baya.

Masu da'awa uku

In aka tara shari'a a kan gadon ƙungiya irin wannan, mutum uku ne za su miƙe tsaye. Na farko shi ne mai takarda, wanda ya biya albashi da kuɗin mota da na masauki. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin ba a wasan ƙwararru da yunwa, kuma ranar da ya rufe aljihunsa ranar ce fili zai koma wurin shanya. Na biyu shi ne ɗan wasa, wanda ya ba da ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa. Shi zai ce kofin da ke cikin ofis guminsa ne ya daskare. Na uku kuwa shi ne ɗan gari, wanda bai sa hannu a takarda ba, bai jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba, amma ya zo kallo shekara da shekaru, ya kawo ɗansa, ya yi baƙin ciki ranar da aka sha kashi kamar an yi masa rasuwa. A gaban alƙali shi ne mafi raunin hujja, amma shi kaɗai ne ba ya sauya riga.

Wannan shari'a ta taɓa faruwa da gaske a Amurka. An kafa ƙungiyar SuperSonics a birnin Siyatil a 1967, ta ɗauki kofin NBA a 1979. A 2006 mai ita, Howard Schultz, ya sayar da ita ga wasu ƴan kasuwa ƙarƙashin Clay Bennett a kan dala miliyan 350, su kuma a 2008 suka kwashe ta dungurungum zuwa birnin Oklahoma, suka raɗa mata suna Thunder. Hukumar birnin Siyatil ta kai ƙara, aka ƙare da sulhu: ƴan wasa da kwangiloli suka tafi, suna da launin riga suka tsaya a Siyatil, tarihi kuwa aka ce na tarayya ne. Da Thunder ta ɗauki kofi a 2025 sai tsohuwar tambayar ta farka. A lissafin littafin gasar wannan shi ne kofi na biyu. A wurin mutanen Siyatil kofin 1979 nasu ne, ba ya shiga mota. Da yawa daga mutanen Oklahoma ma na farko suka kira nasu. Ke nan kuɗi sun sayi ƙungiya, amma sun kasa sayen abin da mutane ke tunawa. Tun kafin wannan, a 1960, an ɗauke Lakers daga Miniyafolis, ƙasar tafkuna, aka kai ta Los Anjalas. Sunan nata na nufin ƴan tafki, har yau kuma tana ɗauke da shi a inda ba a san ta da tafki ba, kamar bazawarar da ake kira da sunan gidan da ta baro.

Pillars ba ta fuskantar irin wannan haɗari, don ba wanda zai sa ta a mota ya kai Legas. Nata haɗarin ya fi shiru. Ƙungiyar gwamnati tana rayuwa ne da kasafin kuɗi, kasafi kuwa yana bin ra'ayin wanda ke kan kujera. Ana iya barin ƙungiya a garinta da sunanta da rigarta, amma a daina ɗaukar yara, a daina gyaran fili, a bar tsoffin ƴan wasa su watse ba wanda ya tambaye su abin da suka sani. Wannan ma ƙaura ce, ko da yake ba a ga ƙura ba.

Darasin gandu

Manomin Arewa yana da amsar da ta fi ta alƙalan Amurka gamsarwa, kuma tana cikin bambancin gandu da gamana. Gamana ta mutum ce, abin da ya samu a ciki nasa ne, in ya so ya sayar ya yi riga. Gandu kuwa yana hannun maigida, shi ke faɗin ranar shuka, shi ke riƙe da mabuɗin rumbu, amma kowa ya san ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya karɓe shi daga waɗanda suka shuɗe, yana ciyar da waɗanda ke raye, zai kuma miƙa shi ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Shi ya sa maigida na iya yin kuskure iri-iri a yafe masa, in ban da guda: ya ci iri. Wanda ya daka hatsin da aka ware don shuka ya ƙoshi yau, amma ya ci rabon wanda ba ya nan balle ya yi magana.

In aka auna ƙungiyar wasa da wannan ma'auni, sai a ga masu da'awar nan uku kowa yana da gaskiya gwargwado, ba kuma wanda ya mallaki duka. Albashin ɗan wasa gamanarsa ce. Ba laifi ba ne in ya bar Kano ya tafi inda aka fi biya, domin shekarun wasa kaɗan ne, kuma mutanen da samarinsu ke tafiya cin rani kowace kaka ba su ne za su zargi wanda ya bi abincinsa ba. Ribar mai kuɗi ma, in akwai ta, halaliyarsa ce. Amma sunan ƙungiya, da salon wasanta, da amincewar da iyaye suka yi har suka bar ƴaƴansu suna zuwa fili, waɗannan gandu ne. Wanda ke riƙe da su maigida ne a ma'anar Bahaushe, wato mai ɗaukar nauyi. In kuma gwamnati ce, nauyin ya ninka, tun da kuɗin da take kashewa ma na jama'a ne. Kofuna su ne damman da aka ɗaure aka kai rumbu; iri kuwa shi ne yaron da ke tsaye bakin fili yana jiran a miƙo masa ƙwallo.

Ƙasar Arewa ta san wannan tun kafin a ƙirƙiro ƙwallo. Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899 mace ɗaya ce, amma sarautar ta girme ta, ta kuma ci gaba bayanta. Garin ya ƙone, mutane suka dawo suka sake gini, sunan bai ƙone ba, saboda akwai masu karɓa da masu miƙawa. Haka nan kokawar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975: ɗan kokawa ɗaya ke ɗaga takobi, amma ranar da Isaka Isaka ya kayar, jahar Doso duka ke kwana tana murna, har da ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Ƙarfin na jikinsa ne. Darajar kuwa ta koma gandu.

Inda iri ya tsira

Shaida mafi ƙarfi a kan cewa gado yana cikin miƙawa ta fito ne daga Zariya. A can wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa yara da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ƙwallon kwando. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Ujiri bai zama shahararren ɗan wasa ba. Ya zama mai gano ƴan wasa, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors, wadda ta ɗauki kofin NBA a 2019, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa don horar da yara a nahiyar, a 2021 kuma ƙungiyar ta ɗauki alkawarin gina filaye 100 a Afirka. Wanda ya nemi gadon filin Zariya a cikin kabad ɗin kofuna zai raina shi. In ya bi sawun mutanen da suka fito daga cikinsa, sai ya tarar da shi har Kanada, ya kuma ga ya juyo gida.

Ba abin mamaki ba ne, domin wasan kansa malamin makaranta ne ya ƙago shi. A watan Disamba na 1891 James Naismith, malamin motsa jiki a garin Springfield, ya rasa abin da zai ba ɗalibansa su yi a cikin zaure saboda tsananin sanyi, sai ya rataye kwanduna biyu na ɗibar ƴaƴan itace. Duk dukiyar da NBA ke juyawa a yau daga ajin nan ta fito.

A Nijar galibin manyan ƙungiyoyin wasa na ma'aikatu ne: na soja, na ƴan sanda, na duwan, na kamfanin wuta. Ƙungiyar kwando ta Nigelec ta shiga wasannin neman gurbin BAL a 2019, ɗan wasan Yamai kuma Abdoulaye Harouna ya buga gasar kanta da rigar FAP ta Kamaru a 2021, sannan da ta AS Salé ta Maroko a 2022. Wannan ya nuna akwai iri a ƙasar. Amma ƙungiyar ma'aikata tana da rauni irin na Pillars, har ma da ƙari, don ita ba ta ɗauke da sunan gari. Ranar da shugaban ma'aikata ya ga wasa ɓarnar kuɗi ne, wane ɗan gari ne zai miƙe ya ce gandunmu ne? Ƙungiyar da ba ta sa saiwa a unguwa da makaranta ba, da sa hannu guda ake kashe ta.

Abin da ya shafi Sukukutane

Mai hankali zai iya cewa: ina ruwan ƙaramar hukumar karkara da wannan zance, a ƙasar da har yanzu ake karatu a azuzuwan zana, inda rijiya da likita suka fi kwando gaggawa? Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce a bar gina aji a gina filin wasa bai san ciwon talaka ba. Sai dai tambayar gado ba ta tsaya a kan ƙwallo ba. Kowace ƙungiyar al'adu, kowane gungun ƴan wasan kwaikwayo, kowace ƙungiyar makaranta da wani malami ya kafa da ƙwazonsa, tana fuskantar abin da Pillars ta fuskanta, a ƙaramin ma'auni. Sau nawa aka ga malami ya tara yara sun yi suna a gasar makarantu, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki abin ya mutu, har ƙwallon ma a rasa wanda ya san inda take? Samariya ta yi tashe a zamanin Seyni Kountché, ta tara matasa a aikin gayya da wasanni da raye-raye; da iskar siyasa ta juya sai ta lafa a wurare da yawa, saboda igiyarta tana hannun hukuma.

Abin da ya kamaci mai riƙon irin wannan amana bai fi ƙarfin kowa ba. Ya horar da wanda zai gaje shi tun yana nan, kada ya jira takardar canji ta zo. Ya sa iyaye da dattawan gari cikin al'amarin, don su ji nasu ne. Ya kuma rubuta: sunayen yara, shekarar da aka fara, wasannin da aka yi, wanda ya ba da fili, wanda ya sayi raga. Ɗan kokawa yana da makaɗa masu riƙe masa kirari har bayan ransa. Ɗan ƙwallon kwando ba shi da maroƙi, in ba a rubuta shi ba ya ɓace. Kayan tarihin SuperSonics suna ajiye a gidan tarihi a Siyatil, shi ya sa mutanen birnin suka sami abin nunawa ranar gardama. Abin da aka rubuta da Hausa a kan shekaru goman Pillars bai taka kara ya karya ba, alhali waɗanda suka yi wasan suna da rai, ana iya zama da su a ji daga bakinsu. Wannan aiki ne na marubuta da malamai da ƙungiyoyin al'adu, ba sai an jira gwamna ba.

Kirarin Sai Masu Gida ana yin sa ne don a tsorata baƙi, a nuna musu cewa ba a cin Kano a Kano. Amma kalmar ta fi haka nauyi a bakin Bahaushe. Ba a kiran mutum maigida don ya fi kowa cin tuwo; ana kiran sa ne don shi ake tambaya in rumbu ya wofinta. Da wannan ma'auni za a auna gwamnatin da ke riƙe da Pillars, da attajirin da ya sayi ƙungiya a Amurka, da malamin da ke da ƙwallo ɗaya a ofishin makaranta a Sukukutane. Ranar da kowannensu ya sauka, tambaya guda ce za a yi masa: da ka ci, ka bar iri?